Yadda Ake Zaɓen Ekran Don Buga Tsofaffin Wasannin Arkad a Gida

A hutun makaranta da ya wuce, ɗan yayata ya zo gidana a nan Yamai da wata ƙaramar na'ura mai ɗauke da tsofaffin wasannin arkad, irin waɗanda a da sai a dogayen akwatunan nan masu cin jeto ake samunsu. Muka jona ta da babbar telen bango da ke falo, mai inci 43, muka kunna Street Fighter II. Ba a yi minti biyar ba ya ajiye manet ya ce, "Kawu, wannan manet ɗin ta lalace, ina dannawa amma mutumina ba ya tsalle sai an riga an buge shi." Na sauya masa wata, abin bai sake zani ba. Sai na ɗauko wani tsohon ekran na kwamfuta da ya daɗe a jingine bayan ƙofa, na share masa ƙura, na jona na'urar da shi, nan take duk abin da yaron ya danna ya riƙa fita a kan lokaci. Na'urar ita ce dai, manet ma ita ce, ekran kaɗai aka canza.

Dalilin haka shi ne an ƙera waɗannan wasanni ne, daga shekarun 1970 zuwa na 1990, domin wani irin gilashi daban da wanda ke cike da shaguna a yau. Saboda haka telen da ta fi kyau wajen kallon ƙwallo ba lalle ne ta dace da su ba, kuma girma ko tsada ba su ne ma'auni ba. Abin da ake dubawa shi ne siffar ekran, da irin saƙon hoton da yake karɓa, da saurin amsawarsa, sannan da yadda zai jure wuta da zafi da ƙurar garinmu.

Mataki na farko: rubuta wasannin da za ka riƙa bugawa

Kafin ka doshi kasuwa, ka zauna ka rubuta wasanni goma da ka san su ne za su ci maka lokaci, sannan ka raba su gida biyu, masu hoto a kwance da masu hoto a tsaye. Da yawa daga cikin na farkon zamani a tsaye suke, domin masu akwatin juya gilashin suke yi a kan gefensa: Space Invaders na kamfanin Taito a 1978, da Pac-Man na Namco a 1980, da Galaga da Donkey Kong a 1981, da 1942 na Capcom a 1984. Wasannin faɗa da na tafiya gefe kuwa a kwance suke, irin su Double Dragon na 1987, da Final Fight na 1989, da Street Fighter II na 1991, da Metal Slug na 1996, da duk wasannin na'urar Neo Geo da kamfanin SNK ya fara fitarwa a 1990. Ko a kwance ko a tsaye, kusan dukansu siffar 4:3 gare su, wato idan dogon gefe ya kai kamu huɗu, gajeren gefe kamu uku ne, saɓanin telen yanzu mai siffar 16:9.

Idan takardarka ta cika da wasannin faɗa, ekran a kwance ya ishe ka. Idan rabi da rabi ne, to ka sa a ranka tun yanzu cewa kana bukatar ekran da za a iya juyawa, kuma wannan zai karkatar da zaɓinka zuwa ga shafaffen ekran, wato siririn nan irin na yanzu.

Akwai rukuni biyu ƙanana da ya kamata a ambata. Wasannin bindiga irin Virtua Cop na 1994 da Time Crisis na 1995, bindigarsu ta asali hasken da ke zagaya gilashin tsohuwar tele take karantawa, don haka ba ta aiki da shafaffen ekran, sai dai a sayi sabuwar bindiga irin Sinden da aka ƙera musamman don haka. Asteroids na 1979 da Tempest na 1981 kuwa da zare-zaren haske ake zana hotonsu a kan wani gilashi na musamman, kuma babu telen gida da ke yin irin wannan aiki, sai dai kwaikwayo.

Mataki na biyu: duba bayan na'urar da za ta kunna wasan

Ekran ba ya aiki shi kaɗai, don haka ka juya na'urarka ka ga irin kafofin da take da su. Mafi yawanmu ɗaya daga cikin abubuwa uku muke amfani da shi: kwamfuta mai manhajar MAME da ke kunna wasannin arkad, wadda wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya fara fitarwa a 1997, ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai ɗauke da manhajar wasanni ta Recalbox ko Batocera, ko kuma faifan nan mai sandunan sarrafa wasa biyu da ake shigo da shi daga Sin, wanda akasari HDMI da VGA kawai gare shi. Duk na'urar da HDMI kaɗai take fitarwa, hanyarta mafi sauƙi ita ce shafaffen ekran. Raspberry Pi ta fi sassauci, domin akwai waya ta musamman irin RGB-Pi da ke fitar mata da hoton da tsohuwar tele ke so, haka ma MiSTer, wata na'urar kwaikwayon tsofaffin wasanni, idan an haɗa mata allon da ya dace. Kwamfutar tebur ma tana iyawa, amma sai da katin hoto na AMD da ya dace da kuma manhajar GroovyMAME, kuma wannan aiki ne na mai haƙuri.

Ina gargaɗi a kan ƙananan akwatunan nan masu araha da ke mayar da HDMI zuwa wayoyi uku, rawaya da fara da ja. Hoto zai fito a tsohuwar tele, amma yana karkarwa, ga dushi-dushi, domin suna sauya shi zuwa tsarin watsa shirye-shirye ne, ba tsarin wasa ba. Wanda kuma ya yi dace da allon arkad na asali, mai bakin JAMMA mai haƙora 56, kada ya jona shi kai tsaye da telen gida, saboda ƙarfin saƙonsa ya zarce abin da tele ke ɗauka. Sai ta hanyar na'urar da ake kira supergun, wadda ke rage masa ƙarfi.

Mataki na uku: tele mai ƙeya ko shafaffen ekran

Nan ne babbar mararraba, kuma ba za a yanke hukunci mai kyau ba sai an fahimci yadda tsohuwar tele mai ƙeya, wato mai kwalba a ciki, take aiki. Ba ta da ɗigo-ɗigo kafaffu. Wani siririn haske ne ke fitowa daga ƙeyar kwalbar yana share gilashin layi bayan layi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kusan layi 15,700 a kowace daƙiƙa, abin da masu sana'ar ke kira 15 kHz. Allon wasa yana aiko da layi kusan 240 a kowane hoto, kuma yana maimaita su a wuri ɗaya, shi ya sa ake ganin siraran layuka baƙaƙe a tsakani. Masu zanen wasa sun san da wannan, sun kuma san hasken yana ɗan malala zuwa maƙwabcinsa, don haka suka yi zanensu da lissafin haka. Fuskar da ke fitowa sumul a tsohuwar tele, idan aka buɗe ta a shafaffen ekran ba tare da gyara ba, sai ka gan ta kamar an jera tubali.

Wannan tsari yana haifar da fa'idodi uku. Na ɗaya, babu jinkiri, domin tele ba ta ajiye hoton ta sarrafa shi, yana isowa take zana shi. Na biyu, abin da ke gudu a gilashi ba ya jan wutsiya, saboda kowane wuri yana haskawa ne na ɗan ƙiftawa ya dushe, alhali shafaffen ekran yana riƙe hoto ɗaya har sai na gaba ya zo, ido kuma ya ga abin yana shafewa. Na uku, tana karɓar kowane adadin ɗigo yadda ya zo. Pac-Man yana da 224 a faɗi da 288 a tsayi, Street Fighter II yana da 384 da 224, Neo Geo yana da 320 da 224, kuma duk suna cika gilashin ba tare da an ja su ko an matse su ba. Haka ma yawan hoton da ake sabuntawa a daƙiƙa bai zama ɗaya ba: Pac-Man ya ɗan haura 60, Neo Geo 59 da ƴan kai, R-Type na 1987 kuwa 55 ne. Shafaffen ekran da ya kafe a kan 60 dole ya maimaita wasu hotuna ko ya ƙara wa wasan sauri.

Amma tele mai ƙeya tana da nata nauyin. Manyan kamfanoni sun daɗe da daina ƙera ta, Sony ma ya rufe aikin Trinitron tun 2008, don haka duk wadda ka samu ta sha shekaru. Mai inci 29 sai mutum biyu sun kama, tana cin wuta, tana fitar da zafi, kuma juya ta tsaye ba abin da za a riƙa yi kullum ba ne. Ra'ayina shi ne, wanda ke da ɗakin da zai keɓe mata, kuma wasanninsa a kwance suke, ya nemi mai ƙeya mai inci 20 ko 21, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda ke zaune a ɗakin haya, ko yake dogaro da batiri da sola, ko yake son wasanni na kwance da na tsaye duka, ekran na kwamfuta ya fi masa.

Mataki na huɗu: idan ka zaɓi mai ƙeya

A nan mu mutanen Nijar muna da wata sa'a da ba kowa ya san da ita ba. Daga 1980, har tsawon shekaru sama da talatin, doka ta tilasta wa duk telen da ake sayarwa a Faransa ta kasance da kafar Péritel, wadda wasu ke kira SCART, wato doguwar kafar nan mai ramuka 21 da gefe ɗaya a karkace. Wannan kafa tana iya karɓar launuka uku, ja da kore da shuɗi, kowanne a wayarsa, abin da ake kira RGB, kuma shi ne ainihin irin saƙon da allon arkad ke fitarwa. Tun da tsofaffin teloli da dama daga Turai suka shigo mana, akwai su jibge a shagunan masu gyara da rumfunan tsofaffin kaya, a kasuwar Katako da Wadata da cikin unguwanni, wasu ma a ɗakunan ajiya na ƴan uwa. Abin da mutanen Amurka ke biyan kuɗi a buɗe musu tele a ƙara mata, mu muna samunsa a haɗe tun daga masana'anta.

Amfanin Péritel ya wuce kyan hoto. Tashoshinmu a da da tsarin launi na SECAM suke watsawa kamar Faransa, Najeriya kuma da PAL, alhali wasannin da ke tafiya a kan hoto 60 a daƙiƙa, idan ta wayar rawaya suka fito, akasari da tsarin NTSC na Amurka da Japan suke zuwa. Telen da ba ta san wannan tsari ba sai ta nuna maka hoto fari da baƙi. Idan ta RGB hoton ya shiga, duk wannan bambanci ya faɗi, launi zai fito daidai. Abin da ya rage kawai shi ne ko telen tana iya riƙe 60, domin wasu tsofaffi ƙwarai da aka yi don 50 kaɗai sai hoton ya riƙa mirginawa sama. Mafi yawan na shekarun 1990 suna riƙewa, amma gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa.

Saboda haka kada ka je kasuwa hannu rabbana. Ka tafi da na'urarka da wayarka, kuma idan da hali ka sa mata manhajar gwaji ta kyauta mai suna 240p Test Suite, wadda Artemio Urbina ya rubuta. Ranar da na je neman tawa, mai shagon, wani dattijo da ke zaune tsakiyar tarin teloli da ƙarfen dalma a hannu, ya ce mini, "Alhaji, ga ta bango sabuwa, me za ka yi da wannan tsohuwa?" Na ce, "Baba, ita nake so, a taimaka a jona mini ita in gani da idona." Ya sa yaronsa ya sauko da guda uku, muka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ta fi kyan jiki a waje ita ce ta fara faɗuwa a gwajin.

Ga yadda ake bi. Tun tana kashe, ka karkata ta zuwa haske ka duba gilashin: idan ka hangi inuwar tambarin wata tasha ko wani rubutu, gilashin ya ƙone a wurin, kuma ba ya gyaruwa. Ka karanta takardar da ke manne a bayanta, ka tabbatar 220 zuwa 240 volt take ci, domin wadda ta fito daga Amurka ko Japan 110 ko 100 take so, kuma jona ta kai tsaye ƙona ta ne. A takardar ko a gaba za ka ga girmanta, sau da yawa da santimita: 37 shi ne inci 14, 55 shi ne inci 21, 70 kuma wajen inci 28. Idan ka ga an rubuta 100 Hz a jikinta, ka bar ta komai kyanta, domin irin waɗannan suna ajiye hoto su sarrafa shi, jinkirin da kake gudu ya dawo, bindigar wasa ma ba ta aiki da su.

Sannan a kunna. Idan kafar Péritel biyu ce, ka fara da ta ɗaya, domin a teloli da yawa ita kaɗai ke karɓar RGB. Ka nuna fari zalla, sannan ja, da kore, da shuɗi, kana duban kusurwoyi huɗu. Tabon launi a kusurwa yakan zama maganaɗisu ne ya taɓa wurin, kuma sau da yawa yana gogewa idan an kashe ta ta huce aka sake kunnawa. Idan ya ƙi tafiya, ka yi hattara. Ka nuna hoton raga, ka ga ko layukan sun miƙe, ko kuwa a gefe farin layi yana rabuwa zuwa ja da shuɗi. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, babu tsohuwar telen da ta rasa shi. Abin da ba a yafewa shi ne kwalbar da ta gaji: za ka gane ta idan sai an ƙure haske kafin hoto ya fito, kuma da an ƙure sai farin rubutu ya kumbura ya shafe. Ka bar ta a kunne aƙalla minti 20, domin wasu aibobi sai ta yi zafi suke bayyana, sannan ka ɗan bubbuga gefenta da tafin hannu. Idan hoton ya yi tsalle, dalma ce ta saki a ciki, aiki ne mai sauƙi ga mai gyara, kuma hujja ce ta neman ragi. Idan hoton ya tsuke daga sama ko layuka farare sun taru a can, kondansatar ne suka bushe, su ma ana canza su. Kada ka bar shagon ba tare da telekomand ba, saboda a wasu teloli babu hanyar shiga AV sai da ita.

Mataki na biyar: idan ka zaɓi shafaffe

Ka fifita ekran na kwamfuta a kan telen bango, wadda jama'a ke kira plasma ko da ba plasma ba ce. Tele an gina ta ne don ta ƙawata hoto kafin ta nuna shi, ƙawatawar kuma lokaci take ci. A wasan da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kowane hoto kusan milisakan 17 yake ɗauka. Ekran na kwamfuta yawanci jinkirinsa bai kai hoto ɗaya ba, amma telen da ba a saita ba tana iya makara da hoto huɗu ko shida, kuma abin da ya sami ɗan yayata ke nan.

Daga nan sai lissafin girma, wanda mutane da yawa ke yin kuskure a kansa. Idan ka nuna hoton 4:3 a kan ekran mai 16:9, gefe biyu za su zama baƙi, abin da ya rage maka kusan kashi 82 cikin 100 ne na incin da aka rubuta. Mai inci 24 zai ba ka hoto na inci 19 da rabi, wanda ya yi daidai da gilashin inci 19 na akwatunan farkon shekarun 1980, mai inci 32 kuma zai ba ka inci 26. Amma idan wasan a tsaye yake kuma ekran na kwance, mai inci 24 bai kai ya ba ka inci 15 ba. Da ka juya shi tsaye, sai hoton ya koma inci 19 da rabi. Shi ya sa nake cewa a duba bayansa a ga ko ƙafarsa tana juyawa, ko kuwa yana da ramukan kusa huɗu na ma'aunin VESA, masu tazarar milimita 75 ko 100, waɗanda mai walda zai iya ƙera musu mariƙi mai juyawa.

Tsofaffin ekran na ofis suna da daraja a wannan aiki. Mai inci 20 mai ɗigo 1600 da 1200 siffarsa 4:3 ce cif, kuma 240 sau biyar 1200 ne daidai, don haka kowane layin wasa yana samun layi biyar ba saura. Masu inci 17 da 19 da suka fi yawa a kasuwa, masu ɗigo 1280 da 1024, siffarsu 5:4 ce, za su bar ɗan siririn baƙi sama da ƙasa, kuma wannan ba ya damun kowa. A cikin sababbi, mai layi 1080 yana ɗaukar 240 sau huɗu da ɗan saura, mai 1440 yana ɗaukarsa sau shida daidai, kuma yawan layin nan shi ke ba manhaja damar kwaikwayon gilashin tsohuwar tele da kyau. Ƙananan telolin nan masu 1366 da 768 su ne na ƙarshe a jerina.

Irin gilashin ma abin dubawa ne, musamman ga mai niyyar juyawa. Wanda ake kira TN yana sauya launi idan an kalle shi daga ƙasa, to da an juya shi tsaye sai wannan aibi ya koma gefe, idonka na dama ya ga haske, na hagu ya ga duhu, abokin wasanka ma da ke gefe ya rasa gani. IPS ba shi da wannan matsala, shi nake ba da shawara. VA yana da baƙi mai kyau amma wasu suna jan wutsiya a wurare masu duhu, OLED kuwa ya fi su duka kyau da sauri, sai dai tsada, ga kuma haɗarin lambobin maki da ba sa motsi su bar masa tabo. Idan na'urarka kwamfuta ce, kuma ka sami ekran mai FreeSync, ka ɗauka, domin yana bin saurin kowane wasa, har mai 55 ɗin nan ya tafi sumul.

Wajen gwada na hannu, ka nuna baƙi zalla sannan fari zalla don gano matattun ɗigo, ka kuma lura ko farin ya koma rawaya ko ja-ja, alamar fitilar ciki ta tsufa. Idan DVI gare shi babu HDMI, ƙaramin mahaɗi ya wadatar kuma ba ya ƙara jinkiri, sai dai sauti za ka nema masa wata hanya, tun da yawancin ekran na kwamfuta ba su da lasifika.

Mataki na shida: saiti da awon jinkiri

Idan dole telen bango za ka yi amfani da ita, ka shiga jerin saitinta ka kunna Mode Jeu, wato yanayin wasa, a kan kafar HDMI da ka jona, sannan ka kashe duk wani abin da ke da'awar sulɓe motsi ko rage hayaniyar hoto. A cikin manhajar wasan ka kafa siffa a 4:3, kada ka bari ta cika ekran, kuma kada ka zaɓi ɗigo murabba'i, domin 384 da 224 na Street Fighter II idan aka nuna su haka, ƴan wasan za su fito gajeru masu faɗi, ba yadda aka zana su ba. Bayan haka ka ƙara matatar da ke kwaikwayon layukan tsohuwar tele, kamar crt-geom a kwamfuta ko zfast a Raspberry Pi, ka ɗan ƙara haske domin layukan suna rage shi.

Awon jinkiri ba ya bukatar wani kayan aiki sai wayar hannu mai ɗaukar bidiyo a hankali, hoto 240 a daƙiƙa. Ka ɗauki yatsanka da ekran a tare, ka danna maɓallin naushi sau goma, sannan ka ƙirga hotuna nawa ne tsakanin dannawa da motsin hannun ɗan wasan. Kowane hoto kusan milisakan 4 ne. Adadin ya haɗa da jinkirin na'ura da na manet, don haka amfaninsa shi ne kwatanta ekran biyu da na'ura ɗaya. Manet mai waya ta fi marar waya tabbas a wannan awo.

Wanda ke son juya tele mai ƙeya tsaye ya kashe ta, ya juya ta, ya tallafe ta da katako yadda ba za ta gangara ba kuma ramukan shan iskarta ba su toshe ba, sannan ya jira kamar minti 20 kafin ya kunna, domin zoben da ke cikinta mai goge maganaɗisu sai ya huce yake aiki, in ba haka ba launukan za su fito a hargitse.

Mataki na bakwai: wuta, zafi da ƙura

Tele mai ƙeya mai inci 21 takan ci wajen watt 60 zuwa 80, shafaffen ekran mai inci 19 zuwa 24 kuwa wajen 20 zuwa 30, kuma ainihin adadin yana rubuce a bayan kowanne. Mai sola ya sani cewa tsohuwar tele tana fizgar wuta mai yawa a daƙiƙar farko ta kunnawa, har takan kashe ƙaramin inbata, alhali wasu shafaffun da ke da adafta a waje 12 volt kawai suke ci. Kowanne ka saya, ka sa masa regilatar, kuma idan wuta ta ɗauke ka kashe shi, kada ka kunna sai ta dawo ta zauna, haka ma lokacin da ake tayar da grup.

A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Yamai ke haura digiri 40, ka bar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin bayanta da bango, kada ka ɗora mata ƙyalle tana aiki, kuma idan a cikin akwatin katako ka gina ta, ka huda masa ramuka sama da ƙasa ka sa ƙaramar fanka. Da hunturu kuwa, ƙarfin wutar da ke cikin kwalbar yana janyo ƙura, don haka ka rufe ta da zane bayan ta huce, kuma sau ɗaya a shekara ka kai wa mai gyara ya busa mata iska. Kada ka buɗe bayanta da kanka. A cikinta akwai wutar da ta kai wajen volt 25,000, kuma kwalbar tana riƙe ragowarta ko bayan an zare waya daga bango. Idan ka ji tana tsartsatsi a ciki, ko ka ji wani wari mai kaifi, ka kashe ta nan take ka kira mai gyara, domin ƙura ce ta haɗu da laima wutar ke tsallakawa ta kanta. Wannan ya fi faruwa a farkon damina, kuma a lokacin ne ya kamata, da zarar hadari ya haɗo daga gabas, ka zare wayar tele da ta na'urar wasan daga bango gaba ɗaya har sai tsawa ta wuce.